Fad ɗin birkin motar gudu: ka canza da kanka a gida, ko ka kai gareji?

Motar da nake hawa Nissan 350Z ce ƙirar 2004, kwatano, irin mai birkin kamfanin Brembo ruwan zinare da ke leƙowa ta cikin rim. Shekararta huɗu a hannuna, kuma an canza mata fad, wato abin da ke matse faifan birki ya tsayar da taya, sau uku, kowanne ta hanya daban. Karon farko ajiye ta na yi a gareji na wuce aiki. Karo na biyu na sayo kayana na tsaya a kan bakanike har ya gama. Na uku ni na yi da hannuna a tsakar gida, wata Asabar da hantsi, ƙanena yana miƙo min sifana. Tun da na ɗanɗana duka ukun, ina ganin ina da abin faɗa wa duk wanda ya haska fitilar waya cikin rim ya ga naman fad ya kusa ƙarewa, yana tunanin inda zai nufa.

Bari in fara kawar da hujjar da aka fi kawowa, wato kuɗi. Yawancin bidiyon gyaran birki a gida da muke kallo a YouTube daga Amurka da Ingila suke, inda gareji ke lissafa ladan aiki da awa, har kuɗin aikin ya kan kamo kuɗin kayan ko ya ɗara. A can, wanda ya yi da kansa ya tsira da kuɗi masu kauri. Mu nan abin a juye yake. Ladan bakanike na canza fad bai taka kara ya karya ba in ka ajiye shi kusa da kuɗin fad ɗin kansa, kuma abin da za ka kashe wajen sayen jak mai kyau da ƙarafan tokare mota da sifanar awo mai auna ƙarfin ɗaurin noti zai biya ladan bakanike sau da yawa. Don haka in tsimi ne ya kawo ka, kai gareji kawai, magana ta ƙare. Abin da aikin gida ke ba ka shi ne natsuwa: a yi komai a hankali, da kayan da suka dace, babu wasu motoci biyar da ke jiran layi. Sai ka duba ko birkin motarka na cikin waɗanda hannun sabon shiga zai iya da su, ka kuma duba ko kai ɗin kana da haƙurin.

Dalilin da ya sa nake zafafawa a kan motar gudu shi ne zafi. Birki ba ya yin komai illa mayar da gudu ya koma zafi. Mota mai nauyin kilo 1,500 da ke tafiyar kilomita 100 a awa, in ka taka ta ta tsaya cak, zafin da faifan birki da fad za su shanye cikin daƙiƙa uku ko huɗu ya isa ya kai ruwa kusan lita biyu ga tafasa. In ka ninka gudun ya koma 200, zafin ba ninki biyu yake yi ba, ninki huɗu ne. Kuma kusan kashi biyu cikin uku na wannan wahala tayoyin gaba ke ɗauka. Ƙaramin kuskuren da Corolla za ta yi shekara tana yawo da shi a cikin gari ba a gane ba, motar gudu za ta tona shi rana ɗaya a kan babbar hanya.

Fara gane irin birkin da ke motarka

Wannan shi ke raba gardama fiye da komai. Abin da ke rungume da faifai yana matse fad, wanda kanikawa ke kira kalifa, iri biyu ne.

Akwai mai zamewa. Fistin ɗinsa a gefe ɗaya yake, ta ciki, jikinsa kuma yana zamewa a kan wasu sanduna biyu masu giris don ya jawo fad ɗin waje. Shi ne a yawancin motocin gida, shi ne kuma a Toyota 86 da Subaru BRZ na yau da kullum, da 350Z marar Brembo. Don canza fad sai ka kwance noti ɗaya ko biyu ka ɗaga kalifar. Aikin ba wuya, amma lafiyarsa tana ga sandunan nan. In suka bushe ko suka cije, fad ɗin ciki zai cinye ƙurmus na waje yana nan da namansa.

Akwai kuma kafaffe, wanda ba ya motsi, fistin a kowane gefe, huɗu ko shida. Irinsa ne a gaban motata mai fistin huɗu, da gaban Ford Mustang GT mai ƙarin kayan gudu daga 2015, mai fistin shida da faifai milimita 380. Mutane na ganin girmansa da sunan Brembo su tsorata, alhali in buɗaɗɗen sama ne ya fi na Corolla sauƙin canza fad. Ba ka ma cire kalifar. Wasu siraran ƙarafa biyu ne suka ratsa ta sama suna riƙe da fad, da wani faifan sifirin da ke danne su. Ka zare su, ka zaro fad ta sama kamar mai zaro burodi daga tanda. Sai dai ba duka ne buɗaɗɗu ba. Porsche 911 da Boxster na daga wajen 2012 zuwa sama, kalifar gabansu rufaffiya ce ta sama, dole a sauke ta gaba ɗaya, manyan kusoshinta kuma cikin alminiyam suke shiga, wanda in ka wuce gona da iri wajen ɗauri zaren ramin ne zai cinye. Wannan ba aikin koyo ba ne.

Tayoyin baya nasu hukuncin daban ne, kuma nan ne masu aikin gida suka fi yin ɓarna. A motata, da Toyota 86, da tsofaffin BMW, birkin hannu wani ƙaramin takalmi ne da ke ɓoye a cikin cibiyar faifai, don haka fistin ɗin baya turawa kawai ake yi ya koma. A Mustang GT ta 2015 da na ambata kuwa birkin hannu a jikin kalifar yake, fistin ɗin murɗa shi ake yi yana shiga, da wani ƙarfe na musamman mai haƙora biyu. In ka matse shi da ƙarfi kamar na gaba, ka kashe kalifa. Sai na uku, birkin hannu na lantarki, wanda maɓalli ake ja maimakon sanda, kamar na BMW Z4 daga 2009 da Audi TT daga 2014. Shi akwai ɗan inji a bayan kalifar, kuma hanyar da ta dace ita ce a jona wa motar kwamfuta a umarce shi ya ja da baya kafin a taɓa komai. In ba ka da na'urar, bayan motarka ba na gida ba ne. BMW ma tana da wata 'yar waya mai sensa da ke maƙale a fad, yawanci ɗaya a gaba ta hagu ɗaya a baya ta dama. In ta riga ta kunna fitila a gaban direba, ta cinye ke nan, sai sabuwa, sannan a goge saƙon.

In kuwa faifanka na kabon-siramik ne, irin wanda Porsche ke yi wa alama da kalifa ruwan ɗorawa, to ka cire hannunka, ka kuma cire hannun garejin bakin titi. Gefen irin wannan faifai yana ɓantarewa in rim ya buge shi wajen cire taya, kuma kuɗin guda ɗaya ya isa ya sa mutum ya yi jinya. Wajen wakilin kamfani ko ƙwararren da ya saba da shi za ka nufa.

Yadda aikin gida yake a zahiri

Wahalar farko ba birki ba ce, ɗaga motar ce. Motar gudu a ƙasa take, jak ɗin kasuwa ba ya shiga ƙarƙashinta. Ni sai da na hau da tayoyin gaba kan katako biyu masu kauri kafin jak ya samu wuri. Dole ƙasa ta zama siminti mai shimfiɗe, ba rairayi ba, ba gangare ba. Dole ka san inda kamfani ya ce a kafa jak, domin in ka kafa a inda ka ga dama za ka lotsa gefen motar. Bayan ta ɗagu kuma sai ka ɗora ta a kan ƙarfen tokare. Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Bulon siminti kuwa, wanda muka saba gani an jera a ƙarƙashin mota, ba ya gargaɗi, farfashewa yake yi lokaci ɗaya.

Kafin in taɓa komai na ɗauki hoton kalifar da waya, don in san yadda sifirin yake zaune. Na buɗe bonet na duba kofin man birki. Dalili kuwa, duk lokacin da fad ke cinyewa fistin na ƙara fitowa, man cikin kofin na sauka. In wani ya taɓa ganin ya sauka ya ƙara maka, to da ka tura fistin baya man zai dawo ya yi ambaliya, kuma man birki yana cin fenti. Sirinji na sa na zuƙe kaɗan.

Dabarar da na so a ce an gaya min tun farko ita ce, a kafaffen kalifa kada ka zare fad biyu lokaci guda. Fistin huɗun nan mai ɗaya suke sha, in ka tura na wannan gefen na wancan gefen sai ya fito. In babu abin da ya tare shi yana iya fitowa fiye da kima, daga nan aikin minti talatin ya koma na kwana biyu. Zare ɗaya, ka goge bakin fistin ɗin da ya fito domin ƙurar hunturu da ta taru a kansa kada ta bi shi ciki, ka duba robar da ke kare shi ko ta yage, ka sa tsohon fad a tsakani ka tura a hankali, ka zura sabo. Sannan ka koma ɗaya gefen. Ƙurar birki kuma ba a hura ta da baki ko da iska, tsumma mai laima ko feshin wanke birki ake sawa, don ba abin shaƙa ba ce. Giris na birki ɗan kaɗan a bayan fad da gefunan ƙarfensa, kada ko ɗigo ya taɓa fuskarsa ko faifai. In kalifarka mai zamewa ce, ka rataye ta da waya a jikin sifirin motar, kada ka bar ta tana lilo a kan tiyon mai, sandunanta kuma giris na silikon suke so, domin baƙin giris na yau da kullum yana kumbura roba.

Notin taya na motata awon ɗaurinsa 108 ne a ma'aunin Nm, Toyota 86 kuma 120. Lambar taka tana cikin littafin motar. Ana ɗaurewa a tsallake, ba a bi da bi ba.

Sai kuskuren da na yi. Na sauke motar, na shiga na tayar, na ɗora ƙafa a birki zan sa giya, sai ƙafata ta tafi har ƙasa ba abin da ya tare ta. Gabana ya faɗi. Ƙanena da ke tsaye kusa da ƙofar gida ya ce, "Yaya, lafiya?" Na manta cewa fistin ɗin da na tura baya ba su dawo sun taɓa fad ba tukuna. Sai an taka birkin gajeru-gajeru sau da yawa har ya yi tauri kafin mota ta motsa. Allah ya sa ban riga na saki kuloci ba, da ƙofar gidanmu ce za ta ba da labari. Gaban biyu ya ci min kusan awa uku, rabinsu a ɗagawa da saukewa. Bakanike zai yi a ƙasa da awa ɗaya.

Abin da gareji ya fi ka, da inda yake kāsawa

Kada son aikin hannu ya sa mu raina kanikawa. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana kwance birki ya san abin da bidiyo ba ya koyarwa. In noti ya cije ya san yadda zai lallashe shi. In kusa ta karye a ciki ya san inda za a haƙo ta. Yana kallon yadda tsohon fad ya cinye ya gaya maka fistin ɗaya ya maƙale. Kai kuwa in abu ya karye maka a tsakar gida ranar Lahadi, mota na kan ƙarfe ba taya, ba ka da yadda za ka kai ta ko'ina. Wannan shi ne babban haɗarin aikin gida, ya fi haɗarin kuskure yawan faruwa.

Matsalar ita ce a gareji canza fad ƙaramin aiki ne, ƙaramin aiki kuma na yara ne. Oga na can yana fama da injin wani, yaron da ya yi wata shida da fara koyo shi ke kan Brembo ɗinka. Haka ta faru da ni a karon farko, a wani gareji da ba sai na faɗi sunansa ba. Na karɓi mota birki na ci, na biya na tafi. Bayan 'yan watanni ta fara ja gefe in na taka. Da aka buɗe sai ga robar fistin ɗaya a yage, da alamar bakin sukundireba, ƙura ta shiga fistin ya fara cijewa, sabon fad ya cinye a karkace. Notin taya kuma an ɗaure shi da bututu an hau kai, har sai da muka canza kusa ɗaya da ta miƙe. Ba mugunta ba ce. Haka yaron ya ga ana yi wa kowace mota, kuma yawancinsu suna jurewa.

Shi ya sa hanya ta biyu da na bi nake ba yawancin mutane shawararta, domin zuwa da kai ya fi aike. Ka sayo fad da kanka, ka sayi sifanar awo ko da ita kaɗai ce, ka je da sassafe kafin gareji ya cika. Amma akwai ladabi a ciki. Ba a zuwa a koya wa oga aikinsa a gaban yaransa. Ni gefe na ja shi na ce, "Oga, don Allah wannan da hannunka nake so, ko nawa ne ladan zan ƙara." Ya dube ni ya dubi sifanar ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, ka zo da alƙali ke nan." Ya yi aikin tsaf, ya kuma nuna min cewa tiyon man baya ya fara tsattsagewa, abin da ni da kaina ba zan lura ba. A tsayuwar ranar na koyi abin da ya ba ni ƙarfin halin yin na uku a gida. Wanda bai taɓa ganin an buɗe birkin motarsa ba, kada ya fara da shi kaɗai.

Wane fad za ka saya

Ko a gida ko a gareji, wannan zaɓin naka ne, kuma ya fi wancan tasiri a kan yadda motar za ta tsaya.

Mai laushi, wanda aka haɗa da zaruruwa da danƙo ba ƙarfe sosai, shiru ne kuma ba ya cin faifai, amma zafi na yin yawa yake sakin jiki. Ba na motar gudu ba ne, mu wuce shi.

Gardamar gaskiya tsakanin siramik ne da mai ƙarfe. Siramik shi ne abin yayi, masu sayarwa na ambatonsa kamar wata lambar girma. Kyawunsa gaskiya ne: ba ya ƙara, ƙurarsa kaɗan ce kuma mai haske, rim ɗinka zai yi mako yana ƙyalli, yana kuma daɗewa. Wanda motarsa ta zuwa ofis ce da zagayen yamma da ɗaurin aure, siramik mai kyau na kamfani irin Akebono ya ishe shi. Amma cafkarsa ta farko ba ta kai ta mai ƙarfe ba, kuma ba a yi shi don taka birki mai tsanani a jere ba. Kada kuma sunan ya ruɗe ka, fad ɗin siramik daban, faifan kabon-siramik da na ambata daban.

Mai ƙarfe, wanda ƙarfen cikinsa kan kama daga kashi 30 cikin ɗari zuwa sama da 60, shi ke jure zafi, shi ke cafka da ƙarfi. Ladansa baƙar ƙura a rim, ɗan kuka lokaci-lokaci, da cin faifai da sauri. Akwai ɗan'uwansa mai ƙarancin ƙarfe wanda motocin Jamus suka saba fitowa da shi, shi ya sa tayoyin gaban BMW ba sa rabuwa da baƙi. Masu irin waɗannan motoci da yawa suna komawa siramik saboda ƙurar, sannan su yi ta mamakin yadda birkin ya daina cafka kamar da. In kana yawan doguwar tafiya da gudu, ko kana sauka gangare irin na Hawan Kibo in ka taso daga Jos, inda birki ke shan zafi ba hutu, mai ƙarfe ko irin wanda motar ta zo da shi daga kamfani shi ne naka. Ni shi nake sawa, na haƙura da wankin rim.

Akwai na tsaka-tsaki da aka yi don titi da filin tsere, irin Ferodo DS2500, wanda ya dace da mai shiga wasan mota jefi-jefi. Sai na tsere zalla, kuma a nan ne samari ke faɗawa. Mutum ya ga an rubuta na tsere, ya ga ya fi tsada, ya ɗauka ya fi kyau. Irin wannan fad sai ya yi zafi sosai yake kai ga cikakken aikinsa. A cikin gari, da sanyin safiya, kuka zai yi ta yi kamar tsohuwar tipa yana gurzar faifai, kuma ranar da ɗan acaɓa ya faɗo gabanka a mahaɗa, a sanyaye zai same ka. Garin neman ƙiba an samo rama.

Akwai alamomi biyu da za su taimake ka a shago. A gefen fad ko bayansa akan buga haruffa biyu, kamar FF ko GG. Na farko yana nuna ƙarfin kamunsa a matsakaicin zafi, na biyu a zafi mai yawa. E na nufin 0.25 zuwa 0.35, F 0.35 zuwa 0.45, G kuma 0.45 zuwa 0.55. Ga motar gudu, kada ka sauka ƙasa da FF, kuma ka guji wanda harafinsa na biyu ya gaza na farko, kamar FE, domin yana gaya maka da bakinsa cewa yana raguwa in ya ɗau zafi. Alama ta biyu ita ce 90R, ta dokar Turai wadda ta wajabta cewa fad ɗin canji kada ya kauce wa na asali da fiye da kashi 15 cikin ɗari. Mai jabu ma yana iya buga waɗannan, gaskiya ne, amma fad ɗin da ba shi da ko ɗaya ya riga ya ba ka amsa.

Ana samun kaya masu kyau a Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Apo a Abuja, da Ladipo a Legas, sai dai motar da ba ta da yawa a titi sau da yawa sai an yi odar nata. Ka tafi da lambar shasi da hoton tsohon fad, domin mota ɗaya shekara ɗaya tana iya zuwa da birki iri biyu. Fad ɗin 350Z mai Brembo da marar Brembo ko kama ba su yi ba. Fad ɗin Beljiyam da aka ciro daga wata mota kuwa, na san akwai masu rantsuwa da shi cewa ya fi sabon jabu, kuma wani lokacin suna da gaskiya. Amma ba ka san zafin da ya sha ba, ba ka san shekarun da ya yi a ajiye ba, fuskarsa kuma ta riga ta ɗauki siffar wani faifan. Ni ba na sa shi.

Abu biyu da kan lalata sabon fad

Sabon fad na da nama kamar milimita 10 zuwa 12, ana canza shi in ya sauko wajen 3. Amma faifai ma yana cinyewa, kuma a jikinsa an buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi. Tazarar ba ta da yawa, sau da yawa milimita 2 ce ko ƙasa da haka. In ya kai, ko ya yi kwari-kwari masu zurfi, ko tsaga ta kai bakinsa, sabon fad a kansa asara ce.

Na biyu man birki. Yana shan laimar iska a hankali, laimar kuma tana saukar da zafin da yake tafasa. Sabon man birki mai lambar DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha ruwa ma'auninsa na saukowa wajen 155. DOT 3 daga 205 yake zuwa 140, DOT 5.1 kuma daga 260 zuwa 180. In mai ya tafasa a kalifa, ƙafarka ƙasa za ta tafi komai tsadar fad ɗinka. Shekara biyu-biyu ake canza shi, daga sabuwar kwalba mai hatimi. DOT 5 kuwa, wanda daban yake da 5.1, na silikon ne, ba a haɗa shi da sauran. Canza mai da cire iska aikin mutum biyu ne, kalifar Brembo kuma bakin cire iska biyu gare ta, ciki da waje. Wannan na bar wa oga.

Bayan an sa fad, saura zaunar da shi, abin da ban taɓa ganin gareji ya yi wa kowa ba, don haka ko wa ya yi aikin wannan naka ne. Ka nemi miƙaƙƙiyar hanya da ba kowa, da rana, ka tabbata ba mota a bayanka. Ka fara da 'yan taki masu sauƙi daga 60 don ya ɗumama. Sannan ka kai wajen 100 ka taka da ƙarfi, ba har tayoyi su nemi kullewa ba, ka sauko wajen 15, ka sake hawa, kamar sau takwas a jere ba tare da ka tsaya cak ba. Za ka ji ƙauri, ba komai. Daga nan ka yi tafiyar minti goma kana kauce wa birki don ya huce. Abin da ake so shi ne fad ya shafa wa faifai siririn rufi daidai wa daida. In ka tsaya ka danne birki faifai na da zafi, fad zai bar tambarinsa wuri ɗaya, bayan 'yan makonni sitiyari ya fara rawa in ka taka, a ce maka faifai ya lanƙwashe, alhali sau da yawa wannan tambarin ne. In kwalin fad ɗinka ya zo da nasa bayanin, shi za ka bi.

Makon jiya na cire tayar gaba na auna. Fad na da sauran rai, amma faifan saura ƙiris ya kai lambar da aka buga a jikinsa, ke nan karo na gaba tare za a canza su. Sauke faifai na nufin kwance manyan kusoshin da ke riƙe da kalifa, waɗanda rabon da a taɓa su tun motar na hannun mai ita na farko. Na riga na gaya wa oga ya ware min safiyar wata Talata. Sifanar awon tana cikin but.